Amurka: mece ce takardar jagorar zaɓe da rassan jam'iyyu ke raba wa jama'a?

A Amurka, makonni kaɗan kafin kowane babban zaɓe, akwatunan wasiƙu na gidaje kan cika da ƙananan takardu masu launi ɗauke da jerin sunaye da lambobi. Gaban kowane suna akwai muƙamin da mai sunan ke nema, gaban kowace lamba kuma an rubuta "Eh" ko "A'a". Wannan ita ce takardar jagorar zaɓe, wato shawarar da reshen jam'iyya na gunduma ko na birni ke bai wa masu ƙuri'a game da wanda ya kamata su zaɓa da kuma amsar da za su bayar kan dokokin da aka kawo gabansu. Tana taimaka wa miliyoyin mutane su cika takardar ƙuri'a mai tsawon gaske. Sai dai shawara ce kawai, ba ta wajaba a kan kowa ba, kuma akwai masu kwaikwayonta don neman kuɗi. Jahar Kalifoniya, wadda ta fi kowace jaha yawan jama'a da kusan mutum miliyon 39, ita ce wurin da wannan al'ada ta fi fitowa fili.

Dalilin da ya sa ake buƙatar jagora

Jaha a Amurka ba kamar jahar Maradi ko ta Tahoua take ba. Kowace daga cikin jahohi 50 na da kundin tsarin mulkinta, da majalisar dokokinta, da kotunanta, kuma jama'a ne ke zaɓen gwamnanta. A Kalifoniya, ban da gwamna, ana zaɓen mataimakinsa, da sakataren jaha mai kula da harkokin zaɓe, da babban lauyan jaha, da ma'aji, da mai binciken kuɗaɗen gwamnati, da kwamishinan inshora, da shugaban hukumar makarantun gwamnati. Majalisar dokokin jahar na da zauruka biyu, ɗaya mai kujeru 80, ɗaya mai kujeru 40. A matakin gunduma, waɗanda yawansu ya kai 58, ana zaɓen babban ɗan sandan gunduma da mai gabatar da ƙara da wasu alƙalai. A matakin birni kuma akwai magajin gari da kansiloli da ƴan kwamitin makarantu.

Yawancin waɗannan ana haɗa su ne a rana guda, wato Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba, a kan takardar ƙuri'a guda mai shafuka da dama. Bayan sunayen ƴan takara sai jerin ƙudirorin dokoki su biyo. A watan Nuwamba na 2016, masu zaɓe a Kalifoniya sun yanke hukunci kan ƙudirorin jaha 17, mazauna birnin San Francisco kuma aka ƙara musu da wasu fiye da 20 na birninsu. Littafin bayani da gwamnatin jahar ta aika gidaje a wannan shekara ya kai shafi 224.

Akwai wata wahalar kuma. Muƙamai da yawa, kamar na alƙalai da kansiloli da ƴan kwamitin makarantu, doka ta ce ba na jam'iyya ba ne, don haka ba a rubuta sunan jam'iyya gaban ɗan takara. Ƙudirori su ma ba su ɗauke da alamar kowace jam'iyya. Mai ƙuri'ar da ya san wanda yake so a matsayin gwamna kan iya isa shafi na uku ya tarar da sunayen da bai taɓa ji ba. Wasu kan bar wurin fayau, wasu su yi canke, wasu kuma su duba takardar da jam'iyyarsu ta aiko.

Ƙudirorin da ake kawowa gaban jama'a

A Nijar, zaɓukan raba gardama irin na 1999 da na 2009 da na 2010 duk kan kundin tsarin mulki aka yi su, kuma hukumomin ƙoli ne suka kira su. A Amurka babu zaɓen raba gardama na ƙasa baki ɗaya. A matakin jaha da gunduma da birni ake yin sa, kuma ya kan shafi al'amuran yau da kullum: haraji, kuɗin hayar gida, mafi ƙarancin albashi, hukuncin masu laifi, bashin gina makarantu. A Kalifoniya ƙudiri kan iso takardar ƙuri'a ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ta majalisa. Idan ƴan majalisa na son gyara kundin tsarin mulkin jaha, sai kashi biyu cikin uku na kowane zaure ya amince, sannan a miƙa wa jama'a. A duk jahohin Amurka, in ban da Delaware, ba a gyara kundin jaha sai da amincewar masu zaɓe. Haka kuma manyan basussukan da jahar Kalifoniya ke son ci don ayyuka, sai an tambayi jama'a.

Hanya ta biyu ita ce ta ƴan ƙasa. Kowane mai rajistar zaɓe na iya rubuta doka, babban lauyan jaha ya ba ta take da taƙaitaccen bayani, sannan a shiga neman sa hannun jama'a cikin kwana 180. Doka ta yau da kullum na buƙatar sa hannun da ya kai kashi 5 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen gwamna na baya, gyaran kundi kuma kashi 8. Bayan zaɓen gwamna na 2022, wannan ya kama sa hannu 546,651 ga doka, da 874,641 ga gyaran kundi. Tara wannan adadi aiki ne mai tsada, shi ya sa masu ƙudiri kan ɗauki kamfanonin da ke biyan mutane su tsaya bakin manyan kantuna suna neman sa hannu. Kusan rabin jahohin Amurka ne ke da irin wannan dama.

Hanya ta uku ita ce ta ƙalubalantar dokar da majalisa ta riga ta zartar. Masu adawa da ita na da kwana 90 su tara sa hannu, sai a dakatar da dokar har jama'a su yi magana. A nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin "Eh" na nufin a bar dokar, "A'a" kuma a soke ta. A 2022 kamfanonin taba ne suka kai dokar hana sayar da taba mai ƙamshi gaban jama'a da lamba 31. Su da suka kawo ƙudirin "A'a" suke nema, amma masu zaɓe suka ce "Eh", dokar ta tsaya.

Ƙudirorin jaha lambobi ake ba su, na birnin San Francisco kuma haruffa. Don haka takardar jagora kan ƙunshi layuka gajeru kamar "Eh a kan 3, A'a a kan 36, Eh a kan A".

Asalin wannan tsari

Jahar Dakota ta Kudu ce ta fara bai wa ƴan ƙasa ikon kawo doka da kansu a 1898, Oregon ta biyo baya a 1902. Kalifoniya ta shiga sahu a 1911, a zamanin gwamna Hiram Johnson, wanda ya ci zaɓe da alkawarin karya ƙarfin kamfanin jiragen ƙasa na Southern Pacific da ake zargi da juya ƴan majalisa yadda ya ga dama. A zaɓen da aka amince da wannan gyara, a watan Oktoba na 1911, aka kuma bai wa matan jahar damar kaɗa ƙuri'a, aka bai wa jama'a ikon tsige zaɓaɓɓe kafin wa'adinsa ya cika. Da wannan ikon ne aka cire gwamna Gray Davis a 2003.

Masu gyaran na wancan zamani ba su yarda da shugabannin jam'iyyu ba, suka yi ta rage musu ƙarfi. Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, dokar Kalifoniya ta hana shugabannin jam'iyya nuna goyon baya ga wani ɗan takara a zaɓen fid da gwani. Kwamitin jam'iyyar Democrat na gundumar San Francisco da wasu rassa suka kai ƙara, a 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wannan hani, tana mai cewa ya saɓa wa ƴancin faɗar albarkacin baki da na haɗa kai. Tun daga nan rassan jam'iyyu suka samu ikon bayyana waɗanda suke so a zaɓen fid da gwani.

Wani sauyi a 2010 ya ƙara wa takardar daraja. Masu zaɓe sun amince da ƙudiri mai lamba 14, wanda ya sa duk ƴan takarar wani muƙami, ko daga wace jam'iyya suke, su kara a zagaye na farko, biyun da suka fi ƙuri'a su je zagayen Nuwamba. Ta haka ƴan jam'iyya ɗaya kan fuskanci juna, kamar yadda Kamala Harris da Loretta Sanchez, dukansu ƴan Democrat, suka kara kan kujerar majalisar dattawan ƙasa a 2016. Sunan jam'iyyar da ke gaban ɗan takara a kan takardar ƙuri'a zaɓin kansa ne, ba ya nufin jam'iyyar ta tsayar da shi. Mai son sanin wanda jam'iyya ta amince da shi sai ya nemi jerinta.

Masu rubuta takardar

Kowace babbar jam'iyya, Democrat da Republican, na da kwamiti a matakin jaha da kuma kwamitoci a gundumomi. Ƴan kwamitin gunduma ba albashi suke karɓa ba. A gundumomi da yawa ƴan jam'iyyar masu rajista ne ke zaɓen su a ranar zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, sau ɗaya a shekara huɗu, wasu kuma kan samu kujera saboda muƙamin da suke riƙe da shi, kamar ɗan majalisar yankin.

Idan zaɓe ya ƙarato, kwamiti kan aika wa ƴan takara jerin tambayoyi a rubuce kan gidaje, tsaro, makarantu, haƙƙin ma'aikata da sauransu. Daga nan sai a gayyace su su yi bayani, a kuma saurari masu goyon bayan kowane ƙudiri da masu adawa da shi. A ƙarshe ƴan kwamiti su kaɗa ƙuri'a. Sakamakon na iya zama goyon baya, ko adawa, ko kuma kwamiti ya ce bai ɗauki matsaya ba idan kawunan mambobi suka rabu. A jam'iyyar Democrat ta Kalifoniya, reshen jaha ne ke yanke shawara kan manyan muƙamai, inda ɗan takara ke buƙatar kashi 60 cikin 100 na wakilan da suka yi zaɓe, rassan gunduma kuma su kula da muƙaman birni da gunduma da ƙudirorin yankinsu.

Samun suna a kan takardar na da amfani ƙwarai ga ɗan takara, musamman na ƙaramin muƙami wanda jaridu ba su cika magana a kansa ba. Jam'iyya za ta buga sunansa, ta aika ta gidan waya, ta sa a shafinta na intanet, matasanta kuma su bi gida gida suna rataye takardar a ƙofofi. Wannan ne ya sa kujerun kwamitin gunduma, duk da ba kuɗi a cikinsu, ake fafatawa a kansu. A San Francisco, inda ƴan Democrat suka yi wa ƴan Republican fintinkau, rigimar siyasa ta fi zafi ne tsakanin ɓangarori biyu na jam'iyyar Democrat ɗin kanta, kuma kowanne na son riƙe kwamiti don shi ne zai rubuta takardar.

Yadda mai ƙuri'a ke amfani da ita

Tun 2021 dokar Kalifoniya ta tanadi a aika wa kowane mai rajista takardar ƙuri'arsa ta gidan waya kusan wata guda kafin ranar zaɓe. Mutane da yawa a gida suke cika ta, takardar ƙuri'a a gefe, takardar jagora a ɗaya gefen, sannan su saka a ambulan su sa hannu su mayar. Wanda ya fi son zuwa rumfar zaɓe na da damar shiga da takardarsa ya duba. Abin da aka hana shi ne yin kamfe ko raba takardu a tazarar da ba ta kai ƙafa 100 ba, kimanin mita 30, daga ƙofar wurin zaɓe. Ƙuri'a asiri ce, jam'iyya ba ta da hanyar sanin ko mambanta ya bi shawararta, kuma babu horo a kan wanda ya saɓa.

Takardu iri uku da ba a so a haɗa su

Ta farko ita ce ta gwamnati. Ofishin sakataren jaha ke wallafa littafin bayani, wanda ba ya cewa a zaɓi kowa. A cikinsa akwai cikakken rubutun kowane ƙudiri, da sharhin ofishin masu nazari na majalisa kan abin da zai jawo wa baitulmali, da hujjojin masu so da na masu ƙi. Ban da Turancin Ingilishi, ana buga shi da wasu harsuna tara, ciki har da Sifaniyanci, Sinanci, Koriyanci da Hindi.

Ta biyu ita ce ta jam'iyya da ta ƙungiyoyin da aka san fuskarsu: ƙungiyoyin ƙwadago, na ƴan kasuwa, na masu kare muhalli, da manyan jaridu kamar San Francisco Chronicle. Ƙungiyar Mata Masu Zaɓe, wadda aka kafa a 1920, ba ta goyon bayan ƴan takara amma ta kan faɗi matsayinta kan ƙudirori.

Ta uku ita ce ta ƴan kasuwa. Kamfanoni masu zaman kansu kan buga takardu masu kama da na jam'iyya, su sa musu sunaye da launuka da hotunan da za su ja hankalin magoya bayan wani ɓangare, sannan su sayar da gurbi ga duk ɗan takara ko ƙudirin da ya biya. Doka ba ta haramta wannan ba, amma ta tilasta a rubuta sanarwa cewa takardar ba ta jam'iyya ba ce a hukumance, a kuma sa alamar tauraro gaban duk wanda ya biya kuɗi aka sa shi. Da ƙananan haruffa ake rubuta sanarwar, mai gaggawa ba lalle ya lura da ita ba. Ta wannan hanya takarda kan iya ɗaukar hoton fitaccen ɗan jam'iyya a sama, a ƙasa kuma tana kiran a ce "Eh" ga ƙudirin da jam'iyyar ke adawa da shi.

Shin jama'a na bin shawarar?

Kan ƙananan muƙaman da ba a san ƴan takararsu ba, jerin jam'iyya na da tasiri sosai. Kan manyan ƴan takara da manyan ƙudirori, sau da yawa masu zaɓe kan bi nasu ra'ayi. A 2018 jam'iyyar Democrat ta Kalifoniya ta goyi bayan Kevin de León a kan tsohuwar ƴar majalisar dattawa Dianne Feinstein, amma Feinstein ce ta ci da kimanin kashi 54 cikin 100.

A 2020 ƙudiri mai lamba 22 ya nemi a ci gaba da ɗaukar direbobin Uber da Lyft da masu kai abinci na DoorDash a matsayin masu zaman kansu, ba ma'aikatan kamfani ba. Jam'iyyar Democrat da ƙungiyoyin ƙwadago suka ce "A'a", kamfanonin kuma suka kashe fiye da dalar Amurka miliyon 200 wajen kamfe. Ƙudirin ya wuce da kusan kashi 59 cikin 100, a ranar da Joe Biden ya lashe jahar da gagarumin rinjaye. A 2024 ma haka ta faru da ƙudiri mai lamba 36, wanda ya tsananta hukunci kan masu maimaita sata da wasu laifukan miyagun ƙwayoyi. Jam'iyyar Democrat da gwamna Gavin Newsom sun yi adawa da shi, wasu magadan gari na jam'iyyar, ciki har da na San Francisco da na San Jose, suka goyi bayansa, kuma kusan kashi 68 cikin 100 suka amince.

Ƴan Republican ma sun ga irin wannan a jahohin da suke da rinjaye. A Florida, a 2020, Donald Trump ya lashe jahar, amma a rana guda kusan kashi 61 cikin 100 suka amince a ɗaga mafi ƙarancin albashi sannu a hankali zuwa dalar Amurka 15 a awa, duk da adawar gwamnan jahar ɗan Republican. A Florida gyaran kundi na buƙatar kashi 60 kafin ya wuce. A Kansas, a watan Agusta na 2022, majalisar da ƴan Republican ke jagoranta ta kawo gyaran da zai cire kariyar zubar da ciki daga kundin jaha, kimanin kashi 59 suka ƙi.

Amfaninta da abin da ake sukarta da shi

Masu kare wannan al'ada na cewa babu mai sana'a ko ma'aikacin da ke da lokacin karanta dokoki goma sha ko fiye masu ɗauke da kalmomin lauyoyi, don haka sanin wanda ke bayan ƙudiri hanya ce mai ma'ana ta yanke hukunci. Wani masanin kimiyyar siyasa, Arthur Lupia, ya yi nazarin ƙudirori biyar kan inshorar motoci da aka kawo gaban jama'ar Kalifoniya a 1988. A binciken da ya wallafa a 1994, ya gano cewa mutanen da ba su san abin da ƙudirorin suka ƙunsa ba, amma suka san ɓangaren da kamfanonin inshora suke, sun kaɗa ƙuri'a kusan kamar waɗanda suka san dokokin ciki da bai.

Masu suka kuwa na nuna cewa mutane ƙalilan ne a kwamiti ke yanke shawarar da dubban masu zaɓe ke kwafa ba tare da sun san yadda aka kai gare ta ba. Ƴan kwamitin da yawa su ma masu neman muƙami ne ko na kusa da masu neman, kuma masu kuɗi sun gane cewa zuba jari a zaɓen kwamiti ya fi arha a kan sayen talla a talbijin. Ana kuma ganin cewa shigar jam'iyyu cikin zaɓen alƙalai da kwamitocin makarantu na mayar da muƙaman da aka so a keɓe daga siyasa wani fagen hamayya.

Ƙudirin da ya wuce yana da wuyar warwarewa, shi ya sa kuskure kan yi tsada. A Kalifoniya majalisa ba ta iya gyara dokar da jama'a suka kawo sai da wata sabuwar ƙuri'ar jama'a, in ba dokar da kanta ta ba da izini ba. Ƙudiri mai lamba 13 na watan Yuni na 1978, wanda ya ƙayyade harajin gidaje da filaye a kashi 1 cikin 100 na darajarsu, har yanzu shi ke tsara yadda birane da makarantun jahar ke samun kuɗi.

Hukumomin zaɓe da ƙungiyoyin wayar da kai kan shawarci mai ƙuri'a ya duba abubuwa kaɗan kafin ya amince da kowace takarda: sunan wanda ya biya kuɗin buga ta, wanda doka ta ce dole a rubuta, ko akwai tauraro gaban sunayen, ko jerin ya yi daidai da wanda ke shafin jam'iyyar na intanet, da kuma abin da "Eh" da "A'a" ke nufi a kowane ƙudiri kamar yadda littafin gwamnati ya bayyana. Littafin da hukumar zaɓen gunduma ke aikowa shi ma na ɗauke da jerin ƴan takarar manyan muƙamai da kowace jam'iyya ta amince da su a hukumance.